Yadda Ake Kwance Ƙusoshin Bodi da Tsatsa Ta Cije a Tsohuwar Mota

Bakaniken da ya koyi aiki a Kano ko Katsina, ranar da ya fara shiga ƙarƙashin tsohuwar mota a Legas, abin da zai fara ba shi mamaki shi ne yadda ƙarfe ke ruɓewa a garin nan. A Arewa mota takan yi shekara 40 tana shan rana da ƙura, fentinta ya koɗe, robobinta su tsattsage, amma da an sa sifana a ƙusa sai ta yi ƙara sau ɗaya ta biyo hannu. A Legas kuwa danshi ba ya barin ƙarfe ya bushe. Ruwa yana sauka daga Afrilu zuwa Yuli, ya ɗan sarara a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba, ga iskar teku mai gishiri da ke kaɗawa a Apapa da Lekki da Badagry, ga kuma ambaliya da ke cusa laka cikin kowane lungu na ƙarƙashin mota, lakar ta zauna a can tana riƙe da laima har wata damina ta zagayo.

A gareji kowa noti yake cewa, ko doguwar yake nufi ko gajeren, to amma domin kada mu rikice, a nan zan kira dogon ƙarfen mai kai ƙusa, zoben da ake murɗawa a jikinta kuma noti. Zare shi ne haƙoran da suka nannaɗe jikin ƙusa, wanda kanikawa ke kira tiredi. Shasi shi ne ƙashin bayan mota, bodi yana zaune a kansa bisa robobi, ƙusoshi sun ratsa su sun haɗe su wuri guda.

Ba kowace tsohuwar mota ce ke da wannan tsari ba. Peugeot 504 ƙirar salun, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, bodinta da ƙashinta abu ɗaya ne, haka ma Marsandi ta zamaninta, saboda haka babu maganar raba su. Motocin da wannan bayani ya shafa su ne irin su Toyota Land Cruiser FJ40 da aka yi daga 1960 zuwa 1984, da Land Rover tsohon yayi, da tsofaffin a-kori-kura masu shasi, da kuma Volkswagen Beetle, wadda aka fara haɗawa a Ojo nan Legas a 1975, Yarbawa suna kiranta Ijapa, wato kunkuru. Ita Beetle bodinta yana ɗaure ne a kan faffaɗan faranti da jerin ƙananan ƙusoshi a gefe biyu, waɗanda suke shiga daga ƙasa su kama noti da aka liƙe a cikin bututun iskar ɗumi da ke ƙarƙashin ƙofofi, ga wasu manya a ƙarƙashin tankin mai a gaba, da ƙarƙashin kujerar baya, da kusa da tayoyin baya.

Abin da ke sa ƙusa ta cije shi ne tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma nesa ba kusa ba. Idan ta tsiro a tsakanin zaren ƙusa da na noti, inda da ma sararin bai kai kaurin takarda ba, sai ta cika wurin ta matse shi kamar an zuba siminti. A lokaci guda kuma tana cin jikin ƙusar daga waje, musamman daidai inda ta ratsa roba, domin nan ne ruwa ke kwanciya. Sakamakon haka ƙusa tana buƙatar ƙarfin da ya ninka na da kafin ta juya, alhali ita kanta ta rame ta zama siririya a tsakiya.

Akwai darasin da na biya kuɗi na koya, kuma shi ne ginshiƙin duk abin da zan faɗa. Na taɓa kai wata Beetle wani gareji a Agege, ina ɗokin ganin an ɗaga bodinta a ranar, sai na matsa wa yaron shagon, shi kuwa ya zura dogon bututu a hannun sifana ya hau ja. Ƙusa ta farko ta fita, ta biyu ta karye, ta uku kuma ta yi wata ƙara a ciki sannan ta kama juyawa ba wuya. Yaron ya ɗago yana murmushi ya ce, "Alhaji, ta saki." Maigidansa, dattijo mai ƙarancin magana, ya zo ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofa, ya ce wa yaron ya ƙara murɗawa, ya saurara, sannan ya ce, "Ɗana, ba ƙusa ce ta saki ba, noti ne ya bar gidansa." Sai da mai gyaran bodi ya yanka wurin, ya yi kwana uku yana walda da gyara, a kan abin da haƙurin mako guda zai hana. Tun daga ranar na gane cewa ƙusa ba dukiya ba ce, ana sayen sabuwa a kasuwar kayan mota ta Ladipo da kuɗi kaɗan. Abin da ake karewa shi ne notin da ke ɓoye cikin bodi da ƙarfen da ke riƙe da shi, kuma duk matakin da za a ɗauka a auna shi da wannan ma'auni.

Aikin yana farawa ne da tsare rai. A tsayar da motar a kan daɓe mai ƙarfi kuma shimfiɗaɗɗe, idan kuma ƙasar garejin yashi ce ko mai taushi, kamar yadda take a wurare da yawa a Legas, a shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashin ƙafafun ƙarfen da za a tokare ta da su. Kada a dogara da jak shi kaɗai, kada kuma a jera bulon siminti, domin bulo yana farfashewa ne lokaci guda ba tare da gargaɗi ba, kuma wanda ke jan ƙusa da ƙarfinsa yana girgiza motar gaba ɗaya. A cire batir, a cire tankin mai a kai shi nesa, a zuƙe man da ya rage a bututu. Tankin da babu fetur a ciki ya fi cikakke haɗari idan wuta ta kusance shi, saboda tururin da ya cika shi ne ke fashewa. A fitar da kujeru da darduma da duk wani soso da ke ƙasan motar, a tanadi abin kashe gobara da bokitin ruwa da tabarau na kare ido.

Sannan a ɗauki hoton kowace mazauna, wato wurin da bodi ke zaune a kan shasi, da waya, a auna sararin da ke tsakanin ƙofofi da bodi a rubuta, a kuma lura da yawan faifan ƙarfe da aka cusa a ƙarƙashin kowace roba, domin ba lallai su zama daidai a kowane gefe ba, kuma da su aka daidaita zaman bodin tun farko. Idan ƙarfen ƙarƙashin ƙofofi ya ruɓe, a sa mai walda ya gitta sandunan ƙarfe a bakin ƙofofin kafin a taɓa ko da ƙusa ɗaya, in ba haka ba bodin zai lanƙwashe da an ɗaga shi, ƙofofin kuma ba za su sake rufuwa daidai ba.

Mataki na gaba shi ne wanki da jiƙo, kuma nan ne mafi yawan mutane ke gazawa domin ba ya kama da aiki. A kankare laka da tsohon kwalta da ke kewaye da kan ƙusar, a goge da burushin waya har ƙarfe ya bayyana. Inda wutsiyar ƙusa ta leƙo bayan noti, a ba ta kulawa ta musamman, a goge zarenta tas, saboda duk tsatsar da aka bari a wurin sai ta bi ta cikin notin yayin fita, kuma sau da yawa ƙusar da ta fara juyawa lafiya a nan take sake cijewa ta karye. Bayan haka a zuba mai mai ratsa tsatsa. WD-40 da kowa ya sani yana taimakawa, amma asalinsa na korar ruwa ne, kuma akwai gwangwanayen da aka yi musamman domin sakin ƙusa waɗanda suka fi shi a wannan aiki. Wanda bai samu ba yana iya haɗa jan man giyar otomatik da asiton, wato sinadarin da ake goge fentin farce da shi, rabi da rabi, ya riƙa girgizawa kafin kowane amfani domin suna rabuwa, ya kuma nisanta haɗin daga wuta. Kananzir ko man dizal ma suna ratsawa a hankali. Kanikawa da yawa suna zuba man birki, ni dai ba na so, domin yana cinye fenti kuma yana jan ruwa.

Muhimmin abu shi ne man ya isa zaren, ba kan ƙusa kawai ba. Idan notin yana ɓoye cikin ƙarfe rufaffe, a nemi ramin fitar ruwa ko wata kafa da ke kusa a zura siririn bututun gwangwanin, idan babu kuma a huda ɗan rami na milimita 4 ko 5 a saitin notin daga sama ko daga gefe, wanda toshe shi daga baya abu ne mai sauƙi. A zuba safe da yamma na tsawon kwana biyar zuwa mako guda, kuma duk lokacin da aka zuba a ɗora guntun ƙarfe a kan ƙusar a buga da guduma sau goma ko fiye, bugu mai kaifi amma ba na fasa dutse ba. Girgizar tana tsattsaga tsatsar, man kuma yana bin tsagar ya shiga. Mai motar da ke gaggawa ya yi amfani da wannan mako wajen kwance sitiyari da wayoyin lantarki da bututun birki da wayar mita, waɗanda dole ne a raba su kafin bodi ya tashi.

Ranar da za a fara murɗawa, a zaɓi soket, wato kan sifana mai kama da ƙoƙo da ke rufe kan ƙusa, mai kusurwa shida wanda ya zauna daram. Soket mai kusurwa goma sha biyu da sifana mai buɗaɗɗen baki su ne ke mulmule kan ƙusa, domin a gefen kusurwa kawai suke kamawa. Ya kamata a san cewa awon kai ya danganta da ƙasar da ta ƙera motar. A motocin Jamus ƙusa mai kaurin milimita 8 kanta 13 ne, mai 10 kanta 17, mai 12 kanta 19, amma a motocin Japan kawunan su ne 12 da 14 da 17. Tsofaffin motocin Ingila da Amurka kuwa da awon inci aka yi su, kuma sa musu soket na milimita yana lalata su. Idan tsatsa ta rage girman kai, a sauka zuwa soket na ƙasa da shi a buga shi da guduma ya shige. Kan 13 da ya rame, soket na rabin inci, wato milimita 12.7, yakan kama shi kamar don shi aka yi, kan 17 kuma yakan karɓi 16.

A fara da ɗan ɗaurewa, ba kwancewa ba, gwargwadon abin da zai motsa ƙusar kaɗan ya karya riƙon tsatsa, sannan a juya baya da ja mai nauyi a hankali, hannu ɗaya yana danne soket ɗin don kada ya karkace. Daga nan sai sauraro da jin abin da hannu ke faɗa. Idan aka ji ƙara mai kaifi kamar karyewar busasshen kara, sannan ƙusar ta motsa tana kuka, wannan alheri ne. A kwance ta kwatan zagaye, a mayar da ita rabin hakan, a ƙara mai, a sake, a yi ta kai da komo har ta yi laushi, ko da za a yi minti 20 a kan ƙusa ɗaya. Idan ta yi zafi a hannu a bar ta ta huce a koma wata. Amma idan aka ji sifana tana tafiya da taushi ba ƙara, kamar ana murɗa ɗanyen rake, to ba zare ne ke juyawa ba, jikin ƙusar ne ke murɗewa yana shirin tsinkewa, sai a tsaya nan take. Injin kwance noti mai bugu yana da amfani a inda noti yake a fili, amma a kan notin da ke ɓoye ina ba da shawarar a guje shi, haka ma dogon bututu, domin waldar da ke riƙe da notin ta riga ta tsufa kuma ita ce za ta fara sallamawa. Ko wace ƙusa ta saki, kada a zare ta gaba ɗaya, a bar ta a wurinta har sauran su motsa, don kada nauyin bodi ya koma kan waɗanda suka rage ya ƙara matse su.

Inda ake iya ganin kai da noti duka biyu, kamar a wasu mazaunan Land Cruiser, babu dalilin ɓata yini. Tunda ba za a sake amfani da ƙusar ba, a yanke notin da injin yankan ƙarfe, ko a tsaga shi da kurfi, a buge ƙusar ta fita. Idan ta manne da bututun ƙarfen da ke cikin roba, a ɗan ɗaga bodin da jak da katako a zura ruwan zarto a tsakanin bodi da shasi a yanke ta ta cikin robar.

Waɗanda suka ƙi mai da guduma, sai wuta. Zafi yana sa ƙarfe ya kumbura, kuma ana amfani da wannan ta hanya biyu da bai kamata a gauraya su ba. Idan noti yana fili, shi ake gasawa da sauri da ƙaramin harshen wuta har ya fara yin ja kaɗan, domin ya buɗe ya saki ƙusar, a murɗa tun yana da zafi. Idan kuwa noti yana ɓoye kuma kan ƙusa kawai ake gani, to ƙusar ake gasawa, ta kumbura a cikin notin ta murƙushe tsatsar, sannan a bar ta ta huce sarai kafin a taɓa ta, domin ƙusa mai zafi ta fi matsewa kuma ta fi saurin murɗewa. Idan ta huce har hannu na iya kusantarta, a zuba mai, a buga, a gwada, kuma ana iya maimaita wannan sau biyu ko uku. Wutar gas ta masu gyaran bodi, ko ta tukunya ko ta kabayid, ita ce ta fi dacewa saboda tana tara zafi wuri ɗaya.

A nan ne ake yin asarar mota gaba ɗaya, don haka zan tsawaita. Robar mazauna tana kamawa da wuta tana ɗiga, tsohon kwalta da man da aka yi mako ana zubawa suna ci a cikin bututun da ido ba ya gani, kuma hayaƙi yakan fito ne bayan wutar ta yi nisa. Dole mutum ɗaya ya tsaya a sama yana kallon cikin motar da ruwa a hannu yayin da ɗayan ke ƙasa, kuma kada a bar garejin sai an yi rabin sa'a da kashe wuta ana dubawa. Kada a gasa ko a yi walda a wurin da aka fesa maganin wanke birki na gwangwani, domin wasu irinsa suna da sinadarin kulorin wanda zafi ke mayarwa iskar fosjin mai kisa. Ƙarfen da aka shafe da tutiya ma hayaƙinsa yana sa zazzaɓi, sai a yi aikin a fili inda iska ke wucewa. Mai Land Rover kuma ya tuna cewa yawancin bodinta alminiyam ne, wanda ke narkewa a wajen digiri 660 ba tare da ya yi ja ya ba da sanarwa ba, saboda haka a kare shi da faifan ƙarfe da jiƙaƙƙen tsumma. Duk ƙusar da ta sha wuta ta rasa ƙarfin da aka gina ta da shi, wurinta kwandon shara.

Idan kan ƙusa ya mulmule har babu soket da zai kama shi, ko ya karye ya bar guntu a waje, dabarar da na fi yarda da ita ita ce walda. A goge guntun har ya yi ƙyalli, a ɗora washa, wato faifan ƙarfe mai rami a tsakiya, mai kauri wadda raminta ya yi daidai da shi a yi mata walda, sannan a ɗora babban noti a kan washar a cike cikinsa da walda. Washar tana kare bodin daga narkewa kuma tana ba da faɗin kamawa. A maƙala wayar ƙasa ta injin walda kusa da wurin. Zafin waldar da kansa yana ratsa ƙusar har zuwa zare, don haka ana jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya, amma a bari ya huce kafin a sa sifana. Idan notin ya ɓalle a karon farko kada a karaya, a sake wani, domin kowane zagaye na zafi da sanyi yana ƙara sassauta ta, kuma sau da yawa a karo na uku take fita.

Idan abin da ya same ni a Agege ya faru, wato ƙusa tana juyawa amma ba ta fitowa, a fara gwada cusa ƙarfe mai faɗin baki a ƙarƙashin kanta a banƙare ta waje yayin da ake murɗawa, ko notin zai danne jikin ƙarfe ya tsaya. Idan hakan bai yi ba, a yanke kan ƙusar a wuce, a bar sauran har a ɗaga bodin, lokacin da wurin zai fito fili a yi aiki a tsaye maimakon a kwance. Mai gyaran bodi ya yanka ƙaramar taga ta gefe uku a saitin notin, ya lanƙwasa ta kamar murfin gwangwani, ya fitar da tsohon, ya yi wa sabon noti walda a kan faifan ƙarfe mai kauri, ya daidaita shi da ramin shasi, sannan ya mayar da tagar ya rufe. Yankan da aka yi da niyya da awo ya fi sauƙin gyara a kan wanda aka yage da kurfi cikin fushi.

Ƙusar da ta karye daidai da fuskar ƙarfe ko a can ciki, ita ce mai bukatar huda, kuma nasarar aikin duka tana kan bugun farko. A daidaita fuskar guntun da magagari idan ana iya kaiwa, a sa ƙarfe mai tsini a buga alama a tsakiyarsa daidai, a duba ta kowane gefe, idan ta kauce a gyara kafin a kunna injin huda. A fara da bakin huda na milimita 3, inji yana tafiya a hankali, ana ɗiga mai, hannu a miƙe da layin ƙusar. A riƙa ƙara girma kaɗan kaɗan har a kusa zaren. Iyakar da ba a wucewa ita ce milimita 6.8 ga ƙusa mai 8, da 8.5 ga mai 10 mai zaren da aka saba, da 10.2 ga mai 12, amma motocin Japan sukan yi amfani da zare mai ƙananan haƙora a manyan ƙusoshinsu, don haka a gwada da wata ƙusar da ta fita lafiya. Idan an kai nan, abin da ya rage ɓawo ne siriri da ake tsincewa da tsinke, sannan a bi ramin da ƙarfen yanka zare, ana shiga ana dawowa da mai. Wanda ya samu bakin huda mai juyin hagu ya yi sa'a, domin yakan kama guntun ya kwance shi tun ana cikin hudar.

Akwai wani ɗan ƙarfe mai murɗaɗɗen jiki da ake sayarwa a matsayin mai ciro karyayyar ƙusa, kuma ina roƙon a yi hattara da shi. Yana aiki a kan ƙusar da ta karye saboda an ɗaure ta fiye da kima, amma wadda tsatsa ta riƙe har kanta ya tsinke ba za ta saurari abin da bai kai ta kauri ba. Yana buɗa guntun ya ƙara matse shi, kuma idan ya karye a ciki, ƙarfensa ya fi bakin huda tauri, aikin sa'a ɗaya ya koma na kwana biyu.

Bayan an tabbatar duk ƙusoshi sun saki, a zare su, a zagaya motar sau biyu ana neman waya ko bututu ko ƙusar da aka manta a ƙarƙashin kwalta, sannan a ɗaga bodin kaɗan kaɗan daga kusurwa huɗu. Idan wani gefe ya ƙi tashi, akwai abin da ke riƙe da shi, a sauke a nema. A sa robobi da faifan kowace mazauna a leda dabam a rubuta wurinsu.

Wajen mayarwa, a bi kowane noti da ƙarfen yanka zare a wanke shi, a sayi sababbin robobi da sababbin ƙusoshi masu lambar 8.8 a kansu, wato alamar ƙarfin ƙusa, ko abin da littafin motar ya ce idan ya fi haka. A Ladipo da Owode Onirin da kasuwar kayan mota ta Trade Fair ana samun masu kyau ana samun na banza, don haka a tafi da tsohuwar ƙusa a gwada tsawo da zare, a guji wadda babu lamba a kanta ko wadda zarenta ke da kaushi. Wasu suna son ƙusar ƙarfe marar tsatsa saboda yanayin Legas, amma irin da aka fi samu ba ta kai 8.8 ƙarfi ba, tana iya cijewa a cikin noti tun ana ɗaurawa, kuma tana hanzarta cin alminiyam idan sun haɗu da ruwan gishiri. Na fi son ƙusa ta gari da aka shafa wa giris mai haɗe da garin jan ƙarfe a zare da kuma jikinta inda ta ratsa roba. A sa dukkan ƙusoshi da hannu tukuna, a daidaita ƙofofi da awon da aka rubuta, sannan a ɗaure daga tsakiya zuwa waje da sifana mai auna ƙarfi. Ƙusar 8.8 mai milimita 8 a bushe tana ɗaukar ɗauri na wajen nuton-mita 25 a awon wannan sifana, mai 10 kuma wajen 50, amma giris yana sa a rage, kuma inda roba ce ake matsewa, adadin da ke littafin motar shi ne abin bi. A buɗe ramukan fitar ruwa, a fesa kakin hana tsatsa ko mai mai kauri a cikin duk ƙarfe rufaffe, a toshe ramukan da aka huda da roba. Bayan motar ta yi tafiyar kilomita ɗari biyu ko uku robobin za su zauna, sai a sake bin ƙusoshin da sifana, a kuma wanke ƙarƙashinta da ruwan famfo duk lokacin da ta ratsa ambaliya.